BABBAN RIM KO LAFIYAR ƘUGU? Me ke sa mota ta yi laushi ko tauri a kan hanya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce, malam, mu da muke lissafin kuɗin adaidaita sahu, ina ruwanmu da mota? Ɗan uwa zauna tukuna. Duk wanda ke shiga mota, tasa ce ko ta haya, ƙugunsa da bayansa ne ke biyan kuɗin abin da za mu tattauna. Wanda kuma yake tara kuɗin motarsa ta farko, wannan shirin zai iya tsare masa dubban nairori.

Akwai wani yayi da ya kama mu. Matashi zai sha wahala ya sayi Corolla ko Civic ko Camry 'yar Kwatano. Kafin ya juye baƙin mai, kafin ya duba birki, sai ya wuce wajen masu rim. A cire na kamfani mai inci 15, a ɗaura mai inci 18 mai walƙiya, a sa masa wata siririyar taya kamar fenti aka shafa wa ƙarfen. Mota ta ɗau wanka, wannan kam ba musu. A ɗauki hoto, a ɗora a Instagram. Bayan sati biyu sai ka ji ana cewa motar nan ta fara ƙara, motar nan tana dukan mutum, Hajiya ta ce ba za ta sake shiga ba. Sai a tafi wajen bakanike a ce shokozoba ta mutu, alhali lafiyarta lau. Abin da aka cire daga motar ne ba a lissafa ba.

To me aka cire? Tsakanin ramin da ke kan titi da jikinka akwai abubuwa uku da ke tare maka duka. Na farko taya da iskar cikinta. Na biyu sifirin. Na uku shokozoba. Kujera ma tana nata ƙoƙarin, amma kafin duka ya iso gare ta an riga an gama magana. Yawancinmu idan aka ce laushin mota, shokozoba kawai muke tunawa. Mun manta cewa taya ce ke fara gaisawa da rami, kuma ƙananan duka irin na tsakuwa, da tsagewar kwalta, da facin titi, kusan ita kaɗai ke shanye su, don suna zuwa da saurin da sifirin ba ya iya bi.

Ai ita tayar iska saboda laushi aka ƙirƙiro ta tun asali. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, da ke zaune a birnin Belfas, ya yi rajistar tayar da ake hura wa iska. Ɗansa ne ke hawan keke mai ƙafa uku mai tayar roba daskararriya, hanya tana jijjiga shi, uban ya naɗa bututun roba ya hura masa iska. Sunan Dunlop da muke gani a jikin taya daga nan ya samo asali. Yau mu kuma muna biyan kuɗi a rage mana wannan iskar, mu koma kusa da inda aka baro.

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. Ka je ka duba gefen tayar kowace mota, za ka ga lambobi irin haka: 195/65 R15. Lamba ta farko, 195, faɗin taya ne a milimita. Ta ƙarshe, 15, girman rim ne a inci. Ta tsakiyar nan, 65, ita ce ba a kula da ita, kuma ita ce maganarmu ta yau. Tana nufin tsayin gefen taya, wato daga bakin rim zuwa inda taya ke taɓa ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta. Kashi 65 na 195 ya kama milimita 127. Wannan ita ce katifar da ke tsakanin ƙarfe da titi, kuma Corolla da yawa da wannan lambar suke fitowa daga kamfani.

Yanzu ɗauki tayar da ake sa wa rim mai inci 18, misali 225/40 R18. Kashi 40 na 225 milimita 90 ne. Daga 127 an dawo 90. An yanke milimita 37, kusan kashi 30 cikin 100 na katifar. Kuma ga abin da zai ba ka mamaki: idan ka jera tayoyin nan biyu ka auna tsayinsu daga ƙasa zuwa sama, ta farko tana wajen milimita 635, ta biyu 637. Tsayinsu ɗaya ke nan. Ƙafar motar ba ta ƙara girma ba ko kaɗan. Ƙarfe ne ya ƙaru, roba da iska suka ragu. Bugu da ƙari, ita siririyar tayar ana ƙera gefenta da tauri don ta iya ɗaukar nauyin mota, saboda haka ɗan abin da ya rage ɗin ma ba ya lanƙwasuwa kamar na da.

A nan ne mutane ke rikicewa, don za ka ji wani ya ce ai babbar taya ta fi daɗin gargada. Gaskiya ne. Amma babbar taya daban, babban rim daban. Ka duba adaidaita sahu, rim ɗinta inci 8 ne kuma tayar gaba ɗayanta 'yar ƙarama ce, shi ya sa take faɗawa cikin kowane rami har ƙasa ta fito da kai kana salati. Babbar mota kuwa tayarta kan haye ƙaramin rami ba tare da ta nutse ciki ba. Wannan amfanin tsayin taya gaba ɗaya ne. Mai Corollar da ya sa inci 18 bai samu wannan amfanin ba, tunda tsayin bai canza ba. Hasarar kawai ya kwasa.

Sai maganar nauyi. Duk abin da ke ƙasan sifirin, wato rim da taya da birki, shi ne ke tsalle sama da ƙasa idan mota ta taka gargada. Aikin sifirin da shokozoba su danne shi ya zauna a kan titi. Idan abin nan ya yi nauyi, danne shi ya fi wuya, kamar bambancin tare ƙwallo da tare jifan bulo. Babban rim, musamman irin masu arahar nan da ake sayarwa don ado, sau da yawa ya fi na kamfani nauyi. Sai dukan da ke shiga jikin mota ya ƙaru, boljoyin da tayarod da bushin su riƙa cin wuya, ka koma ɗan gida a garejin bakanike. Taya mai faɗi da nauyi kuma tana ƙara shan mai, a wannan zamanin da tun cire tallafi a 2023 kowa ke ƙirga lita.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Idan taya mai gajeren gefe ta faɗa rami mai kaifin baki da gudu, robar tana matsewa tsakanin bakin ramin da bakin rim. Zaren cikinta ya tsinke, sai ka ga ta yi ƙululu a gefe. Wannan ƙululun ba a facinsa. Duk mai facin da ya ce zai gyara maka, ka yi masa godiya ka wuce. Tayar ta gama aiki, kuma ranar da za ta fashe ba za ta yi sallama ba. Wataƙila kana gudun kilomita 120 ne a hanyar Zariya da iyalinka a baya. Rim ɗin ma yakan lanƙwashe ko ya tsage, iska ta riƙa zurarewa a hankali, ka riƙa zargin ƙusa.

Kada a ce na yi wa babban rim rashin adalci. Yana da amfaninsa. Gajeren gefen taya ba ya lanƙwasuwa a kwana, don haka sitiyari ya fi jin magana, mota ta fi tsayawa daram idan an karya kwana da gudu. Sannan babban rim yana ba da wurin sa babban faifan birki, shi ya sa motoci masu ƙarfin inji ke zuwa da shi. Amma su waɗannan, injiniyoyi sun auna sifirin da shokozobarsu daidai da wannan rim ɗin tun daga kamfani, kuma an yi su ne da tunanin titin Jamus da Japan. Kai kuma birkinka na nan yadda yake, ɗan ƙarami a tsakiyar ƙaton rim, ana hango shi ta tsakanin ƙarafa. Kuma ga wani abin dariya: motocin tseren Formula 1, waɗanda ba a kai su iya shan kwana, sun yi shekaru da yawa a kan rim mai inci 13, sai a 2022 suka koma 18. To kai da za ka bi layin unguwarku da damina, ina za ka da 20?

Mu dawo kan sifirin da shokozoba, don su ma ana yi musu gurguwar fahimta. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Idan taya ta hau tudu, shi ke matsewa don kada jikin motar ya tashi gaba ɗaya. Matsalarsa ɗaya: idan ya matse sai ya sake, ya sake matsewa, ya yi ta lilo ba tsayawa. Shokozoba ita ke kashe wannan lilon. A cikinta akwai mai da wani fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin da ƙafar mota ta yi sai an tura man nan ta cikin ƙofofin, wannan turjiyar ce ke cinye ƙarfin lilon ta mayar da shi zafi. Shi ya sa idan an yi doguwar tafiya a gargada za ka taɓa ta ka ji ɗumi. Saboda haka idan ka ga mota ta zauna ta gefe ɗaya, sifirin za ka fara tuhuma. Idan kuma tana rawa kamar kwalekwale bayan ta wuce tudu, shokozoba ce.

Duk mai ƙera mota ciniki yake yi tsakanin abu biyu. Ya sa sifirin mai laushi, fasinja ya ji daɗi, amma mota ta riƙa kwanciya a kwana tana dungurawa idan an taka birki. Ya sa mai tauri, mota ta tsaya cak a kwana, fasinja ya ji a jikinsa. Sannan akwai tazarar da ƙafa ke iya tafiya sama da ƙasa kafin ta kai maƙura. Wannan tazarar, a irin hanyoyinmu, ta fi komai.

Ku tambayi iyayenmu labarin Fijo 504. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta ci gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1975, kuma kamfanin haɗa Fijo na Kaduna, da ya fara aiki a wannan shekarar ta 1975, ya daɗe yana haɗa ta. Me ya sa ta mamaye tashoshin mota daga Kano har Agadas? Rim ɗinta inci 14 ne kacal, da taya mai tsayin gefe, da ƙafafu masu doguwar tazara, da tsayi daga ƙasa. Tana shiga gargada tana shanyewa. Ba na cewa mu koma 504, motocin yanzu sun fi ta tsaro nesa ba kusa ba idan aka yi karo. Amma waɗanda suka ƙera ta sun san irin ƙasar da za ta taka, mu kuma da muka fi su sanin hanyar muna sayen kaya kamar a Dubai muke.

Shi ya sa yanke sifirin don mota ta yi ƙasa yake ba ni takaici. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ka yanke zagaye ɗaya ko biyu, sifirin ya ƙara tauri, tazarar ta ragu, shokozoba ta koma aiki a inda ba a tsara ta ba. Kowane rami sai ƙarfe ya daki ƙarfe. Kowane tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace kana jin ƙasan mota na kuka, wata rana kuma tukunyar baƙin mai ce za ta fashe. Direbobin haya su kuma nasu akasin haka ne: a cusa roba a tsakanin sifirin ko a ƙara ganye a na baya don a lafta kaya. Su aƙalla abinci suke nema, amma fasinjan baya ne ke karɓar sakamakon. Irin sifirin ɗin ganye da ke bayan Hilux da manyan motoci dama don kaya aka yi shi, shi ya sa idan bayan ba kaya take tsalle, idan an ɗora buhuna sai ta kwanta.

Yaya za ka gane shokozoba ta gaji? Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ka danna kusurwa ɗaya da ƙarfinka ka saki. Lafiyayya za ta taso ta tsaya. Idan ta yi lilo sau biyu ko uku, akwai magana. Ka leƙa ka ga ko mai na tsiyaya a jikinta. Ka shafa tafin hannunka a kan taya, idan ka ji ta cinye wuri-wuri, nan tudu nan kwari, alama ce tayar tana tsalle a kan titi. Kuma wannan tsallen shi ne haɗarin, don tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana. Mota mai matacciyar shokozoba tana ɗaukar tazara mafi tsawo kafin ta tsaya, musamman a hanya mai gargada, kuma tazarar nan wata rana yaro ne ke tsaye a cikinta. Idan za ka canza, ka canza biyu tare, na gaba biyu ko na baya biyu. Idan ta hannu za ka saya, a Ƙofar Ruwa ne ko a Panteka, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ka matsa ta da hannu ka ja, ka ji tana turjiya daga farko har ƙarshe ba tare da wani wuri ya zame ba. Sabon fenti ba shaida ba ne.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko sisi, shi ne iska. Da yawanmu muna miƙa wa mai faci mota mu ce ƙara iska, shi kuma ya ɗura 45 ko 50, ya buga tayar da ƙarfe ya ji ta yi ƙara, ya ce ta yi. Taya ta zama dutse. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda da kamfani ya liƙa, ita ke faɗin iskar da motarka ke so. A yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Lambar da ke rubuce a jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba a ce ka kai can ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Kada kuma wani ya ji wannan ya je ya sace iska don neman laushi. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasuwa fiye da kima, ta ɗau zafi, a kan kwaltar watan Afrilu kuwa fashewa take yi. Wannan ya fi wancan muni.

Tunda muna gefen taya, ka nemi inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta bai cinye ba, busasshiyar roba kuma ga tauri ga saurin tsagewa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha jan kunne a kan tsofaffin tayoyi. Kuma ku lura, wanda ya sa inci 18 shi ya fi faɗawa tarkon tayar Beljiyam, don sabuwarta ta fi ta inci 15 tsada sosai, kuma idan ta fashe maka a wani ƙauye tsakanin Gusau da Sakkwato, samun irinta sai an aika birni.

Ga ku da ba ku da mota, ga naku. A bas ko doguwar mota, kujerar da ke kan tayar baya ko bayanta ita ta fi kowace shan duka, don nan ne motar ke yin lilo mafi girma. Tsakiya, tsakanin tayar gaba da ta baya, ya fi kwanciya. Idan za ku yi tafiya da mai juna biyu, ko tsoho, ko wanda aka yi wa aiki, ku je tasha da wuri ku kama musu tsakiya. Idan ka ga matashi ɗan uwanka ya riga ya zauna a wurin, ka roƙe shi da girmamawa, yawanci ba sa ƙi.

Na san wani yana cewa, kai da kake kiran kanka ɗan gwagwarmaya, maimakon ka ce a gyara titi sai ka ce mu canza taya? Maganar titi tana nan, haƙƙinmu ne, kuɗin harajinmu ne, kuma ba za mu daina bibiyar kasafin kuɗi da 'yan kwangila ba. Amma ramin da ke kan hanyarka gobe da safe ba zai jira a zauna a majalisa ba.

Wanda ya riga ya sa babban rim kuma yana son komawa, abu ne mai sauƙi. Wannan takardar ta jikin ƙofa tana ɗauke da lambar tayar da motar ta fito da ita, ka koma kanta. Idan motarka da inci 17 ta zo kuma kana son ka sauka zuwa 16, sau da yawa yana yiwuwa, da sharaɗi biyu. A gwada rim ɗin a tabbatar bai taɓa birki ba, kuma ramukan nocinsa sun yi daidai. Sannan tsayin taya gaba ɗaya ya zauna kusa da na asali, kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, tayar ma tana iya gogar bodi idan ka karya sitiyari. Misali 205/55 R16 da 195/65 R15 tsayinsu kusan ɗaya ne, amma ta biyun ta fi ta farko gefe da milimita 14. Bayan an canza a yi alaimen da balansin. Tsohon rim ɗin kuma ka sayar, masu so ba su ƙare ba.

Idan kuma mota za ka saya, kada ka yarda a zagaya da kai a kan sabuwar kwalta kawai. Ka ce a bi layin da ya fi lalacewa a kusa, a kashe rediyo, a rufe gilashi, kai kuma ka koma kujerar baya ka zauna inda mahaifiyarka za ta zauna.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.